Harsashi mai rami a baki: abin da doka ta ce a can Amurka, da abin da ta ce a nan gida

Jama'a akwai wasu bidiyoyi da suke ta yawo a Facebook da TikTok, za ka ga wani bature a garejin gidansa ya sa safar hannu da tabarau yana narka dalma yana haɗa harsashin ƙaramar bindiga da kansa, irin mai rami a baki wanda yake buɗewa idan ya shiga jiki, yana yi yana hira yana dariya kamar mai suyar ƙosai. To tun daga nan mutanenmu suka rabu gida biyu, kuma maganar gaskiya duk gidajen biyun sun kauce hanya. Wasu suna cewa ai wannan harsashin an haramta shi a duk duniya, wanda aka kama da ko ɗaya kotun duniya za a kai shi. Wasu kuma, waɗannan su suka fi ba ni tsoro, suna cewa tunda bature yana yi a fili har yana ɗorawa a intanet to ba laifi ba ne, mu ma da 'yan bindiga suka dame mu me zai hana.

Bari mu fara da masu maganar kotun duniya. Eh akwai yarjejeniya, an yi ta a birnin Hague a shekarar 1899, inda ƙasashe suka amince ba za su yi amfani da harsashin da yake buɗewa ko yake bajewa cikin jikin mutum ba. Abin da ya jawo maganar shi ne harsashin da sojojin Ingila suke ƙerawa a masana'antar makamansu ta Dum Dum kusa da Kolkata a Indiya, shi ya sa har gobe ake ce masa dum-dum. Amma yarjejeniyar nan ta yaƙi ce, soja da soja, tsakanin ƙasashen da suka sa hannu, kuma Amurka ma ba ta sa hannu ba. Daga baya dokar Rum ta 1998 wadda ta kafa kotun manyan laifuka ta duniya ta sa amfani da shi cikin laifukan yaƙi, a 2010 a taron Kampala aka faɗaɗa maganar har ta shafi yaƙin cikin gida. Duk dai yaƙi ake magana. Babu ruwan dokar da ɗan sanda a bakin aiki, babu ruwanta da maharbi, babu ruwanta da mai gida. Hasali ma yawancin 'yan sandan Amurka irin wannan harsashin suke ɗauka, hujjarsu ita ce yana tsayawa a jikin wanda aka harba maimakon ya fasa ya wuce ya sami wani bawan Allah da yake wucewa a baya. A Ingila kuwa dokar farautar barewa ita da kanta ta wajabta harsashi mai buɗewa don kada dabba ta daɗe tana shan wahala. Ka ga ke nan abu ɗaya, a fagen yaƙi laifi, a dajin farauta wajibi.

Shi kuma baturen cikin bidiyon, a ƙasarsu dokar tarayya ta bar mutum ya haɗa harsashin da zai yi amfani da shi da kansa ba sai da lasisi ba. Amma ranar da ya mayar da abin sana'a yana sayarwa dole sai da lasisin ATF, hukumar tarayya mai kula da harkar bindigogi, kuma wanda aka taɓa yanke wa hukunci kan babban laifi ko harsashi ɗaya bai isa ya ajiye ba. Jihohi ma ba bakinsu ɗaya ba. A New Jersey an yarda ka ajiye mai rami a baki cikin gidanka, ko ka ɗauka kai tsaye zuwa wurin koyon harbi ko farauta, amma ka zuba a aljihu ka shiga gari da shi laifi ne da zai iya kai ka wata 18 a gidan yari. Birtaniya kuma bayan kisan da wani ɗan bindiga ya yi wa yara 16 da malamarsu a makarantar garin Dunblane da ke Scotland a 1996, sai a 1997 ta sa harsashi mai buɗewa cikin haramtattun kaya, a 2017 aka sassauta wa na doguwar bindiga saboda maharba, na fisto kuwa yana nan a haramce.

To yanzu mu dawo gida, inda maganar ta shafe mu. Dokar bindigogi ta Najeriya tun 1959 take, kafin a sami 'yancin kai, kuma ta kasa bindigogi kashi uku. Kashi na farko haramtattu ne waɗanda sai shugaban ƙasa ne kaɗai yake ba da lasisinsu, na biyu irin bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu wadda Sufeto Janar na 'yan sanda yake ba da lasisi, na uku bindigar toka da danginta masu ɗuri ta baki wadda take hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, fisto da libarba suna cikin kashi na farko ne, jeri ɗaya da mashinga da roka. Wato tun kafin a zo maganar harsashin, ita kanta bindigar da za a sa shi ciki ba ta talaka ba ce.

Sashe na 22 shi ne wurin da ya kamata kowa ya buɗe kunne. Ya ce babu wanda zai ƙera ko ya harhaɗa ko ya gyara bindiga ko harsashi sai a ma'ajiyar makamai ta gwamnati ko masana'antar da aka kafa don sojoji da yardar shugaban ƙasa, irin su DICON da ke Kaduna. Dokar ba ta tambayi ko bakin harsashin rami ne ko a toshe yake ba, ba ta tambayi ko sayarwa za ka yi ko ajiyewa ƙarƙashin katifa don tsaron iyali ba. Hukuncin kuma yana sashe na 27, shekara 10 mafi ƙaranci. A lura da kyau, mafi ƙaranci aka ce ba mafi yawa ba, ma'ana ko alƙali ya tausaya maka, ko lauyanka ya kawo mai unguwa da limamin unguwa suka yi shaidar kai mutumin kirki ne, daga 10 ake fara lissafi. Alhali wanda aka kama da harsashi kawai ba tare da lasisi ba, a ƙarƙashin sashe na 8, nasa hukuncin bai wuce shekara 5 ba. Wato a idon doka wanda ya haɗa ya fi wanda ya saya laifi nesa ba kusa ba.

Sai kuma wata gaɓa da take ruɗa mutane, har na ga wani yana bugun ƙirji wai ai kan dalmar kawai ba harsashi ba ne tunda babu albarushi babu kwanso, ƙarfe ne kawai kamar ƙusa. Malam ka yi hattara. A wurin da dokar ta yi bayanin abin da take nufi da harsashi cewa ta yi harsashin kowace bindiga da kuma kowane ɓangare nasa. Kowane ɓangare fa. Abin da aka cire kawai shi ne albarushin da ba a yi niyyar sa shi cikin harsashi ba kuma ba a yi amfani da shi a haka ba. Don haka idan jami'an tsaro suka shigo suka tarar da gwangwanin madara cike da kawunan harsashi a bayan ɗaki, ba za su tsaya jiran ka kammala haɗawa ba, mai gabatar da ƙara yana da abin da zai riƙe a gaban kotu. Kuma waɗanda suke cewa ai maƙeranmu sun gaji ƙera bindiga kaka da kakanni, gaskiya ne, dokar ma ta san da su, ta ba Sufeto Janar damar ba mutum izinin ƙera da gyara bindigar toka. Amma izinin nan takarda ce da ake nema a ba ka, ba gado ba ne, kuma iyakarsa bindigar toka, bai kai ga fisto ba balle harsashinta.

Ni dai a nawa ganin dokar nan tana da nauyi a kan wanda bai kamata ta fi danna ba. Mutumin ƙauye a Zamfara ko Katsina ko Birnin Gwari da ake shigowa garinsu da AK-47 a kan babura, a kwashe masa shanu a tafi da matarsa, ya kira waya babu mai zuwa, shi ne za a ce idan ya taɓa dalma shekara 10, su kuwa masu shigo da akwatunan harsashi ta kan iyaka ba kasafai muke jin ƙarshen shari'arsu ba. Kowa ya tuna a 2022 gwamnatin Zamfara ta fito ta ce jama'a su nemi bindiga su kare kansu, to amma gwamna ba shi yake ba da lasisi ba, dokar ta tarayya ce, kuma 'yan sanda sun sha sanar da cewa sun dakatar da ba da sabon lasisin. A 2024 ma sai da shugaba Tinubu ya sa hannu a wata sabuwar doka ta hana bazuwar ƙananan makamai, wato ƙara ɗaurewa ake yi ba sassautawa ba. Saboda haka maganar gwamna a rediyo ko ta wani ɗan siyasa a wurin jaje ba za ta tsaya maka a kotu ba, shi yana gidansa da 'yan sanda a ƙofa kai kana kurkuku.

Akwai ma abin da masu tura bidiyon ba sa faɗa, ita dalma guba ce, kuma mu ba sai an ba mu labari ba, a 2010 gubar dalma daga duwatsun zinare da ake daka wa cikin gidaje ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Mai narka ta a tsakar gida inda yara suke rarrafe ya jawo wa iyalinsa abin da ko alƙali bai yanke masa ba.

Wanda kuma ya riga ya sami kansa da irin waɗannan kaya, ko ya gada a kayan mahaifinsa tsohon soja ko tsohon maharbi, kada ya zuba a leda ya hau acaɓa ya nufi caji ofis shi kaɗai, a shingen farko za a iya tare shi kuma a lokacin bayani ba zai yi amfani ba. Ya fara samun lauya, ko ya je wurin dagaci ko hakimi a sanar da DPO tukuna, su zo da kansu su ɗauka a rubuta a ba shi takardar shaida ya adana.