Tsarin bin diddigin motocin agajin gaggawa

Tsarin bin diddigin motocin agajin gaggawa shi ne hanyar da cibiyar karɓar kira ke ganin inda kowace motar asibiti, motar kashe gobara ko ta 'yan sanda take a taswirar kwamfuta, da kuma aikin da ke hannunta a wannan lokacin. Da shi ake zaɓar motar da za a tura.

A cikin mota akwai na'urar GPS mai gano wurin da take, da na'urar aika bayani ta layin salula ko oba-oba, da ƙaramin allo mai maɓallai. GPS na karɓar sigina daga taurarin ɗan Adam da ke nisan kusan kilomita 20,200 daga ƙasa, kuma sai ta kama aƙalla huɗu kafin ta gane wurinta. A fili kuskurenta bai wuce 'yan mitoci ba. Tsakanin dogayen gine-gine kuwa, sigina kan bugi bango ya dawo, sai motar ta bayyana a titin da ba nata ba.

Tazarar aika bayani ma na da tasiri. Mota mai gudun kilomita 60 a awa tana cin mita 500 a daƙiƙa 30, don haka idan duk daƙiƙa 30 take aikowa, ɗigon da ke taswira na iya zama rabin kilomita a bayanta. Inda babu sabis, ɗigon ya tsaya cak alhali motar na tafiya. Manhaja mai kyau takan nuna lokacin bayanin ƙarshe, kuma takan auna kusanci bisa hanyar da motar za ta bi, domin motar da ke tsallaken kogi tana kusa ne a ido kawai.

Amma akwai kuma matsalar maɓalli. Ma'aikata ke dannawa: mun tashi, mun isa, muna hanyar asibiti, mun gama. Idan suka manta na ƙarshen, kwamfuta za ta ɗauka motar na kan aiki, ta tura wata daga nesa.

Haka ta faru a Landan. Ranar 26 ga Oktoba 1992 hukumar motocin asibiti ta birnin ta koma kacokan kan sabon tsarin kwamfuta. Bayanan motoci suka riƙa zuwa ba daidai ba, saboda wuraren da rediyo ba ya kamawa da maɓallan da ba a danna ba. Aka riƙa tura motoci biyu wuri ɗaya, wani wurin kuma babu ko ɗaya. Masu jira suka sake kira, kira ya taru, saƙonnin gargaɗi suka cika allo. Wasu sun shafe sa'o'i suna jira, kuma shugaban hukumar ya yi murabus. Ranar 4 ga Nuwamba tsarin ya tsaya gaba ɗaya saboda kuskure a manhajar da ya cinye ma'adanar kwamfutar, aka koma takarda da biro.