Ɓeran Masar da ciyawarsa: tambayoyin masu kiwo a Jos

Karas da kabeji kaɗai ba za su ishe shi ba?

Ina! Nan ne yawancinmu ke kuskure, saboda a Jos kayan lambu a banza suke, ka leƙa Farin Gada da safe ka kwaso ganyen kabeji cike da leda, sai a ɗauka an gama ciyarwa. Alhali ainihin abincinsa busasshiyar ciyawa ce, kusan kashi 80 cikin 100 na abin da zai ci, kuma kada ta yanke a kejinsa dare da rana. Dalili kuwa haƙoransa 20 ne kuma ba sa daina tsiro har ya mutu, taunar ciyawa ce ke goge su, in babu sai na ciki su yi tsawo su danne harshe, ka ga yana dalalar da miyau yana kallon abinci ya kasa ci. Hanjinsa ma sai da ita yake tafiya daidai.

Dole sai ciyawar Timothy ɗin nan da ake gani a intanet?

Tana da kyau, amma daga waje ake kawo ta, kuɗinta kuma ya fi ƙarfin kiwon gida. Kiri-kiri, harkiya, kyasuwa tun tana ɗanya shar ba ta yi kai ba, duk suna yi. Ka yanka wajen Satumba zuwa Oktoba da ruwa ya fara ja baya, ka baza ta ta sha iska kana juyawa har ta bushe ƙarau, sannan a buhu a ɗora kan katako, ba a ƙasa ba. Don Allah banda ta bakin titi da ta gefen gona, feshi ya yi yawa yanzu. In saya za ka yi, masu dawaki sun fi kowa sanin inda mai kyau take, ko ka gwada kasuwar dabbobi ta Kara a Bukuru.

Ya zan gane mai kyau?

Cusa hannu tsakiyar damin, ba sama-sama ba. In ka ji ɗumi ko laima, ko warin ruɓa, ko ka ga farin fumfuna, bar musu kayansu ko kyauta ne. Mai kyau da sauran kore-kore a jikinta, tana ƙamshi, ka kaɗa ta ba ta tada ƙura.

Harawa fa, ai awaki na sonta?

Shi ma yana sonta sosai, matsalar kenan. Harawar gyaɗa da ta wake sinadarin kalsiyam ya yi musu yawa, babban ɓera in ya dawwama a kanta tsakuwa na iya fito masa a mafitsara, har ka ga jini a fitsari. Mai ciki da ƙanana a ɗan yayyafa musu, sauran kuwa jefi-jefi.

To kayan lambun sai a daina?

A'a, kullum a ba shi kamar cikin kofi ɗaya, don jikinsa ba ya ƙera bitamin C, kamar dai mu mutane. Koren tattasai shi ne gaba, a cire 'ya'yan, sai latas, kokwamba, ɗan yankan gwaiba. Karas kaɗan saboda zaƙi, kabeji ma kaɗan don yana kumbura ciki. Albasa, tafarnuwa, fiya, dankalin turawa da ganyensa kuwa haram, a ja kunnen yara, su ne masu tura masa komai ta ragar keji. Abincin zomo na buhu ma ba nasa ba ne, babu bitamin C ɗin.

Na ga yana cin kashinsa, lafiya?

Lafiya ƙalau, akwai wani mai laushi da yake sake ci don ya tatsi sauran amfanin, ƙyale shi.

In ya daina ci gaba ɗaya?

Wannan kam ba a kwana da shi, nemi likitan dabbobi a ranar, ga cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom nan kusa da mu. Kuma kada wani ya ce ka ɓare masa kafso na amoksisilin ko fenisilin, suna kashe ƙwayoyin hanjinsa masu amfani, zawo ya biyo baya, da yawa ba sa tashi.