Waiwaye: wa ke raba gardama tsakanin ASUU da gwamnati?

Dokar sasanta rikicin ƙwadago ta 1976, wadda gwamnatin soja ta kafa, ta shimfiɗa hanya tiryan-tiryan. In ma'aikata suka saɓa da wanda ya ɗauke su aiki, a fara da mai shiga tsakani. In abin ya faskara, ministan ƙwadago ya naɗa mai sulhu, daga nan kwamitin sasantawa na IAP, sai Kotun Ma'aikata. A kan takarda babu laifi. Inda gizo ke saƙar shi ne, ministan da ke da ikon miƙa magana gaban kwamitin, kuma hukuncin kwamitin ke bi ta teburinsa, ɗan majalisar zartarwa ne na gwamnatin da ake rigima da ita. Tsarin zai iya aiki tsakanin masaƙa da ma'aikatanta. Ga ma'aikacin gwamnati kuwa, wanda ake ƙara shi ke riƙe da makullin kotu.

Ba wanda ya ɗanɗana wannan kamar malaman jami'a. An kafa ƙungiyarsu, ASUU, a 1978. Da ta tafi yajin aiki a 1988, gwamnatin Babangida ba ta tsaya wani sulhu ba, haramta ƙungiyar ta yi. Aka sake haramta ta a 1992, lokacin Attahiru Jega na shugabanta, amma malamai suka ƙi komawa aji sai da aka sa hannu kan yarjejeniya a watan Satumba. Daga wannan fafatawar aka samu harajin ilimi na kashi 2 cikin 100 na ribar kamfanoni, wanda ya zama asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund a 2011. Duk wanda ya zaga jami'o'inmu ya ga sunan asusun a jikin ɗakunan karatu, to albarkacin yajin aiki yake gani, ba na kwamitin sasantawa ba. Darasin da ƙungiyar ta ɗauka ke nan, kuma da wuya a ga laifinta.

Kotu ma ba ta ƙarfafa musu gwiwa ba. Malamai 49 da aka kora a Ilorin a 2001, sai a 2009 Kotun Ƙoli ta mayar da su.

A shekarar ce ASUU da gwamnati suka ƙulla yarjejeniyar da har yau ake ambato, zamanin Umaru Musa 'Yar'adua. Rashin cika ta ya haifar da yajin 2013, inda gwamnatin Jonathan ta yi alƙawarin naira tiriliyan 1.3 don farfaɗo da jami'o'i, ta saki biliyan 200, sauran kuma aka shiga jan ƙafa. Kwamitocin sake duba yarjejeniyar suka riƙa zuwa suna wucewa: na Wale Babalakin, na Munzali Jibril, na Nimi Briggs.

A 2022 ne aka ga yadda ake amfani da dokar in ta tashi aiki. An shiga yaji ranar 14 ga Fabrairu. Sai bayan wata bakwai ɗalibai na zaune a gida ministan ƙwadago Chris Ngige ya kai maganar Kotun Ma'aikata, abin da gwamnati ta fara nema kuma shi ne a tilasta komawa aji. Ranar 21 ga Satumba kotun ta ba da umarnin haka, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce a bi umarnin kafin a saurari koke, aka janye yajin ranar 14 ga Oktoba. A tsakanin nan ma'aikatar ƙwadago ta yi wa wasu ƙungiyoyin malaman jami'a, CONUA da NAMDA, rajista, kishiyoyi biyu a wata guda, aka kuma riƙe albashin wata takwas bisa sashe na 43 na dokar, ba aiki ba biya.

Daga baya Tinubu ya amince a biya wata huɗu, kuma a Disamban 2023 aka cire jami'o'i daga tsarin biyan albashi na IPPIS da malamai suka daɗe suna ƙorafi a kansa. Duka biyun daga fadar shugaban ƙasa suka fito, ba daga hukuncin wani mai raba gardama ba.