Ruwa da shinkafa: tambayoyi kan ƙasar Tailan

Ina Tailan take, kuma yaya shimfiɗarta?

Tana kudu maso gabashin Asiya, tana iyaka da Bama, Lawos, Kambodiya da Malesiya. Faɗinta kusan murabba'in kilomita 513,000 ne, wato ta ɗan haura rabin Najeriya. Arewa duwatsu ne, can ne Doi Inthanon yake, mai tsayin mita 2,565. Arewa maso gabas tudu ne da ake kira Isan, ƙasa mai yashi da ba ta riƙe ruwa. Kudu kuwa siririya ce, teku ta kowane gefe.

Amma wanda yake son fahimtar Tailan, tsakiyarta zai duba. Kogin Ping da kogin Nan sun haɗu a garin Nakhon Sawan suka zama Chao Phraya, wanda ya ratsa Bankok ya faɗa teku. Lakar da yake zubarwa a fadamunsa ita ta mayar da yankin gonar shinkafa, har 'yar Tailan ta yi suna a kasuwanninmu.

Su ma suna da damina da rani?

Suna da su. Daga Mayu zuwa Oktoba iska tana ɗauko ruwa daga tekun Indiya. Nuwamba zuwa Fabrairu akan sami sanyi, sai zafi ya biyo baya, ya fi tsanani a Afrilu, lokacin bikin Songkran da ake watsa wa juna ruwa a tituna. Ruwan damina yakan wuce gona da iri. Shi ya sa gidajen gargajiya kan dirkoki ake ɗora su, a bar ƙasan fili. A 2011 ambaliya ta shafe watanni, ta cinye gonaki da masana'antu.

Namun daji fa?

Giwa ce abin alfaharinsu. Ta fi ta Afirka ƙananan kunnuwa, kuma an daɗe ana horar da ita don yaƙi da jan gungume. Da gwamnati ta hana saran daji a 1989, giwaye da dama suka rasa aiki, masu su suka koma yawon buɗe ido da su, abin da har gobe ake muhawara a kansa. Akwai birai a gandun daji irin su Khao Yai, wanda aka kafa a 1962. A kogunan dutse na Kanchanaburi kuma akwai wani jemage da nauyinsa bai wuce giram 2 ba.

Su wa suka fara zama a wurin?

Ba Tai ba ne, wato ƙabilar da ta fi yawa a ƙasar yau. A Ban Chiang an tono tukwane masu jan zane da kayan tagulla na dubban shekaru. Daga baya mutanen Mon suka kafa garuruwan Dvaravati, sannan daular Khmer ta Kambodiya ta mamaye yankin. Masana da yawa na ganin kakannin Tai daga kudancin Sin suka gangaro a hankali, suna bin kwarin koguna inda shinkafa ke yi.

Yaushe suka kafa tasu daular?

Wajen 1238 shugabanninsu suka kori Khmer daga Sukhothai. Sarki Ramkhamhaeng ake danganta wa ƙirƙirar rubutun Tai a 1283, kuma a wani dutse da aka jingina masa an yabi ƙasar da cewa akwai kifi a ruwa, akwai shinkafa a gona. A 1351 aka kafa Ayutthaya a wurin da koguna suka kewaye ta ko'ina, jiragen 'yan kasuwa daga Sin, Farisa da Turai suna isa har bakin ganuwarta. Ta yi fiye da shekara 400 kafin sojojin Bama su ƙone ta a 1767.