Diyya ko Tallafi? Waiwaye kan Rigimar Asarar Sauyin Yanayi

A ƙauyukanmu, idan shanu suka faɗa gonar mutum, ba a tsayawa dogon musu. Mai unguwa ya zo da dattawa, a zagaya gonar, a ƙiyasta ɓarnar, mai shanu ya biya. Ba wanda ke kiran wannan kuɗi sadaka. To shekara talatin da ɗoriya ke nan ƙasashen duniya suna ja-in-ja a kan wannan magana: wanda hayaƙin masana'antunsa ya ɗumama duniya, bashi ake bin sa, ko alheri zai yi in ya ga dama?

Tun a 1991, ana shirin taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan muhalli a birnin Rio na Brazil, ƙasar Vanuatu da ke tekun Fasifik ta gabatar da buƙata a madadin ƙananan ƙasashen tsibirai: a kafa asusun inshora, masu masana'antu su zuba kuɗi, don biyan waɗanda teku zai cinye wa ƙasa. Aka saurara, aka ajiye. Yarjejeniyar sauyin yanayi ta 1992, wadda aka sa wa hannu a taron, ta yarda cewa nauyin na kowa ne amma kason wani ya fi na wani, sai dai batun biyan ɓarna bai samu shiga ba. Yarjejeniyar Kyoto ta 1997 kan rage hayaƙi ta tsaya, ita ma Amurka ba ta taɓa tabbatar da ita ba.

A taron sauyin yanayi na Kofanhegan, a 2009, ƙasashe masu arziki suka yi alƙawarin cewa zuwa 2020 za su riƙa tara wa ƙasashe masu tasowa dala biliyan 100 duk shekara. OECD, ƙungiyar tattalin arziki da galibin mambobinta ƙasashe masu arziki ne, ta ce sai a 2022 aka cika adadin, kuma mafi yawan abin da gwamnatoci suka bayar rance ne. Wato a ɓata maka gona, sannan a ranta maka kuɗin iri da ruwa a kai. Wannan yana ci mini tuwo a ƙwarya, musamman ganin kason Afirka a hayaƙin duniya bai wuce kashi 4 cikin 100 ba.

Maganar ta sake tasowa da ƙarfi a taron Warso a 2013, kwanaki kaɗan bayan guguwar Haiyan ta kashe mutum sama da 6,000 a Filifin. Wakilin ƙasar, Yeb Saño, ya yi jawabi murya na rawa, ya ce ba zai ci abinci ba sai taron ya haifar da wani abu. Aka kafa tsarin kula da "asara da ɓarna", amma ba a ɗora masa ko sisi ba. A Faris kuma, a 2015, batun ya samu sashe na 8 a yarjejeniyar, sai dai an liƙa masa sharaɗi a takardar da ke rakiyarta cewa wannan ba zai zama hujjar ɗora alhaki ko neman diyya ba. Kalmar diyya ce manyan ƙasashe suke gudu, don sun san in aka buɗe wannan ƙofa kotu ce a bayanta.

Ambaliyar 2022 ce ta karya lagon jan ƙafar. A Pakistan ruwa ya shafi mutum miliyan 33, kuma a shekarar Pakistan ce ke jagorantar rukunin ƙasashe masu tasowa na G77. A Najeriya mutum sama da 600 suka rasu, fiye da miliyan ɗaya suka bar gidajensu. A taron Sharm el-Sheikh na Masar aka amince da kafa asusun asara da ɓarna, a Dubai a 2023 ya fara aiki da alƙawuran kusan dala miliyan 700. Jamus da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa kowacce ta ce miliyan 100. Amurka, wadda ta fi kowa zuba hayaƙi a tarihi, ta ce miliyan 17.5. Kuma ba a wajabta wa kowa bayarwa ba.

Duk wanda ya ga Maiduguri a Satumban 2024, bayan ɓallewar madatsar Alau, ya san abin da ake nufi da asara: mata ɗauke da yara a ka ruwa har ƙirji, kwale-kwale na yawo a titunan da adaidaita ke bi jiya, buhunan hatsi sun jiƙe a kasuwa. Amma dole mu faɗa wa kanmu gaskiya. Ruwan sama ya yi yawa, madatsar kuma ta daɗe tana neman gyara, kuma har yau muna ƙona iskar gas a banza a yankin Neja Delta. Mai neman haƙƙinsa a waje ya kamata ya toshe yoyon ɗakinsa.

A farkon 2025 gwamnatin Trump ta sake sanar da ficewa daga yarjejeniyar Faris, ta kuma janye daga kwamitin asusun. Amma Vanuatu ba ta haƙura ba. Ita ta jagoranci kai maganar Kotun Duniya da ke Heg, inda a ranar 23 ga Yuli 2025 alƙalan suka ce kare yanayi wajibi ne a dokar ƙasa da ƙasa, kuma ƙasar da ta saɓa ana iya neman ta biya diyya. Ra'ayi ne na shawara, ba hukuncin da ke tilasta wa kowa ba, amma kalmar da aka toshe wa hanya a Faris yanzu tana rubuce a takardar kotu.