Masu aiki da yara a darussan hutu: tambayoyin da na gaji da amsawa

Duk dogon hutu muna buɗe darussa da wasanni ga yara a nan Bauchi, kuma ni ke kula da malamai da 'yan sa-kai. Kowace shekara sababbin fuskoki, amma tambayoyin na bara ne. Wanda ya sake tare ni a bakin ƙofa da ɗaya daga cikinsu, wannan rubutun zan miƙa masa.

Koyarwa aka ɗauke ni, ba shara ba. Dole ne in goge in yaro ya yi amai?

Dole ne. Mai shara da safe take zuwa, amai kuwa ba ya jiran ta.

Kunu ko ruwa ya zube a ƙasa fa?

Tsaya a wurin, ka aiki wani ya ɗauko tsumma. In ka tafi da kanka, kafin ka dawo wani ya zame a tayil ya fasa haɓa.

To jini, ko amai da gudawa?

Safar hannu tukuna. In ta ƙare, sa leda biyu, sannan ka zo ka faɗa min ta ƙare, ba sai na gano da kaina ba. Kori yara gefe. Rufe wurin da yashi ko takarda, kwashe ka ɗaure a leda. Sai Jik ko Hypo: duba jikin robar, in an rubuta kashi 3.5 cikin ɗari, kofi ɗaya za ka zuba a kofi shida na ruwa. Zuba, ka bar shi minti 10 kafin ka goge. Kada ka haɗa shi da Harpic wai don ya ƙara ƙarfi, iskar da ke tashi tana shaƙe mutum. Daga nan ka wanke hannu da sabulu.

Masu cewa "ai jinin yaro ne, me zai yi min?" su ji: ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya yin kwana 7 da ranta a busasshen jini. Ga shi hutunmu a damina yake faɗowa, lokacin kwalara, kuma Bauchi na cikin jihohin da zazzaɓin Lassa ya fi addaba. Ba tsirfa nake yi ba.

Me ya sa aka hana ni keɓewa da yaro ɗaya? Ba ku yarda da ni ba ne?

Malam, ni ma dokar ta hau kaina. Ƙofa a buɗe, ko wani babba yana ganinku. Ba ɗaukar yarinya a babur a kai ta gida, ba hira da ita a WhatsApp da dare. Wannan ya kare yaron, kai ma ya kare ka ranar da wani zai ɗaga yatsa.

Yarinya ta ce min wani yana taɓa ta, ta roƙe ni kada in faɗa wa kowa. Kuma ɗan gidansu ne. Yaya zan yi?

A nan kam zan sassauta murya, don ba amsa ɗaya ce ke shiga kowane gida ba. Farkon dai a fili yake. Kada ki yi mata alkawarin yin shiru. Ki ce: "Kin kyauta da kika faɗa min, ba laifinki ba ne, kuma wadda za ta taimake ki kaɗai zan gaya wa." Kada ki fasa salati da kuka a gabanta, yaro in ya ga ya ta da hankalin babba, sai ya haɗiye sauran maganar. Kada ki titsiye ta, kada ki sa mata suna a baki da "kawunki ne, ko?" Ba ke za ki cire mata kaya ki duba ba, ba kuma ɗaukar hoto. Rubuta abin da ta faɗa da kalmominta, ko da ba su da daɗin rubutawa, ki sa rana da lokaci, ki kawo min a ranar. Namiji ne ya faɗa? Hanyar ɗaya ce, yara maza ma ana lalata da su.

In fyaɗe ne kuma sabo, asibiti kafin komai. Maganin kariya daga cutar HIV sai an fara shi cikin awa 72. Asibitin Koyarwa na Abubakar Tafawa Ɓalewa ko babban asibiti mafi kusa. In zai yiwu, kada a wanke kayan da ke jikinta.

Wurin da ke da wuya shi ne iyaye. Galibi uwa ce ta fi cancanta ta fara ji. Amma in wanda ake zargi a gidan yake kwana, ko shi ke ciyar da gidan, garajen faɗa na iya jawo wa yarinyar duka, ko a wayi gari an kai ta ƙauye. Mun taɓa gani: wata 'yar sa-kai ta riƙe magana mako biyu wai tana son ta tabbatar, sannan ta je gidan ita kaɗai. Ba mu sake ganin yarinyar ba. Shi ya sa ba ke kaɗai za ki yanke wannan ba, ni ma ba ni kaɗai ba. Da jami'an jin daɗin jama'a na Ma'aikatar Harkokin Mata ake shawarar wa za a fara gaya wa, da inda yarinyar za ta kwana.

Za a zo miki da maganar sulhu. A je wurin mai unguwa, a rufa asiri, wa zai aure ta in aka ji. Ban raina wannan tsoron ba, na san garin da muke ciki. Sai dai rufin asirin da ya dace shi ne na sunan yarinyar, ba na mai laifin ba. Fyaɗe ba rikicin iyakar gona ba ne: akwai Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003, akwai dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, wadda Bauchi ta yi tata a 2020. Ba zan ce miki duk ƙarar da aka kai ana ganin ƙarshenta ba. Wata tana tafiyar hawainiya, wata iyayen ne ke janyewa. Duk da haka a kai.

In wanda ake zargin shugaban wurin ne, ko ke kanki?

Tsallake mu. 'Yan sanda, ma'aikatar da na ambata, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam. In rai na cikin haɗari, kira 112.

In na kai rahoto, ya zamana ba gaskiya ba ne fa?

Kwantar da hankalinki. Ba ki ce wane ya aikata ba, kin ce ga abin da yarinya ta faɗa. Bincike na wasu ne. Abin da ba zan yafe ba shi ne in ji labarin a bakin masu sayar da awara a ƙofar makaranta.

Yaro ya yi haɓo, in ɗaga kansa sama?

A'a! Wa ke koya muku wannan? Ya sunkuya gaba kaɗan, a matse hancin minti 10.

Ina makullin akwatin magani?

Ba shi da makulli. Yana kan kabad a ofis, inda yake tun bara.