Me ake nufi da wasan "roguelike"?

Duk mai leƙa kantin Steam na intanet neman gem, wato wasan kwamfuta, zai riƙa cin karo da kalmar roguelike, musamman a wasannin ƙananan kamfanoni masu cin gashin kansu. Ma'anarta "mai kama da Rogue", wato wani wasan kwamfuta da Michael Toy da Glenn Wichman suka ƙirƙiro a Kalifoniya a 1980, daga baya Ken Arnold ya sa hannu. Ba shi da zane ko kaɗan: alamar @ ce ɗan wasa, haruffa kuma su ne dodanni.

Abu biyu ya bar wa na baya. Na farko, kwamfuta ce ke tsara ɗakuna da makamai da abokan gaba sabo fil duk lokacin da aka fara, kamar rabon karta, kowane zagaye da hannun da zai zo maka. Na biyu shi ne mai zafin: idan aka kashe ka, an kashe ka ke nan, sai ka koma farko. Babu wurin ajiya da za ka ci gaba daga inda aka kashe ka. Saboda haka haddar hanya ba ta da amfani, abin da ke bin ka zuwa zagaye na gaba shi ne wayon da ka koya. A ganina nan daɗin yake, domin ko zaɓen bindiga ɗaya a bar ɗaya sai mutum ya tsaya ya auna.

Masana harkar sun yi taro a Berlin a 2008 suka jera siffofin na asali, ciki har da cewa bi-da-bi ake motsi, ka taka ɗaya abokin gaba ya taka ɗaya. Wasannin yanzu da yawa ba su bin wannan. Ɗauki Roboquest na kamfanin RyseUp da ke Faransa, wanda ya fito a kammale a 2023. A cikinsa kai mutum-mutumi ne, kana gudu kana tsalle kana harbin 'yan uwanka na ƙarfe ba tsayawa, kuma in ka mutu akwai abin da kake komawa da shi sansani don ƙara ƙarfi. Irin wannan mai sassauci ake kira roguelite, kuma wasan Hades na 2020 yana cikin sahunsu.

Ƙananan kamfanoni na son salon ne don mutum kaɗan za su iya gina wasan da ba ya ginsa, tunda ba sai sun zana kowane mataki da hannu ba. Wanda ke son ɗanɗana na asali da mutum-mutumi sai ya nemi Cogmind na Josh Ge. A can, ƙafa da bindiga da injin wanda ka kayar su kake kwasa ka liƙa a jikinka, su ma suna lalacewa a fagen daga, dole ka nemi wasu.